Uku da 'Yan Kai

Wata biyu ke nan Baba bai leƙa ƙofar gida ba. Robar ƙafafun kekensa na guragu ta cinye, sai ƙarfe zalla ke gurzar siminti. Ya ce ba zai fita abokan hirarsa su jiyo ƙararsa tun daga lungu ba, kamar ana jan tsohon gado.

Ɗansa mai faci ya ce wannan ai aikinsa ne. Ya samo doguwar roba mai kauri, wadda za ta yi yanka uku, ba huɗu ba. Ya tsuguna a tsakar gida ya auna faɗin ƙafar: inci ashirin da huɗu.

Yayan mai faci, wanda ya yi jami'a kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba, ya ba da fatawa daga kan kujera.

"Ninka faɗin sau uku da 'yan kai."

A sanin mai faci, 'yan kai magana ce ta wanda bai tabbatar ba. Ya ninka sau uku cif, ya yanka, ya naɗa. Bakin robar biyu suka tsaya suna kallon juna, da tazarar yatsa huɗu a tsakaninsu.

"Ina 'yan kan?" in ji Yaya.

"Na zaci ado ne na 'yan boko."

Baba dai ya mai da fuskarsa bango. Saura yanka biyu, ƙafa kuma biyu. Mai faci ya ji wuƙar ta yi masa nauyi a hannu.

Matarsa, tela ce, ta taso daga kan ɗinki, ta zare tef daga wuyanta, ta zagaya da shi jikin ƙafar.

"Saba'in da biyar da kusan rabi. Ni ban taɓa auna faɗin mace in ninka in ce ƙugunta ke nan ba."

"Abin da na faɗa ke nan," in ji Yaya.

"Ka faɗa, Yaya. Allah ya ƙara ilimi."

Kafin la'asar roba ta zauna daram. Baba ya ɗora tafinsa a kan ƙafar ya tura sau ɗaya, keken ya sulale shiru har bakin zaure. Ya sake turawa, bai jira kowa ba.

Mai faci ya bi shi da sauri. "Baba, ina zuwa haka?"

"Nan ƙofar gida," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Da 'yan kai."