Takardar Buɗe Shafi

Shekara tara Mai Tsaron Kwamfutoci yana aiki a wani kamfanin kujeru, ba a taɓa yi musu kutse ba, ba a kuma taɓa tafa masa ba. Sai ga wata mai tsara shafukan intanet, wata huɗu kacal da ɗaukarta, ta yi wa kamfanin shafi mai motsi: ka taɓa hoton kujera ta juya, ka zaɓi launi ta canza. Manaja har miƙewa ya yi yana tafi, daga ranar kuma komai sai ya ce a tambaye ta. Abin ya tsaya wa Mai Tsaro a wuya. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani, sai dai ya sa mata rigar aiki.

A taron Litinin ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ƙananan manhajojin nan da ke sa shafi rawa, ta cikinsu ɓarayi ke shigowa. Mu sa katangar tsaron kwamfutocinmu ta tare su duka. Mai son a buɗe masa wani shafi ya cike takarda."

"Yallaɓai, ai har namu shafin zai daskare a ofis," in ji ta. "A tace dai, kada a rufe gaba ɗaya."

"Ƙanwata, rigakafi ya fi magani."

Gaskiya ce kuwa, shi ya sa ta yi masa daɗin faɗa. Manaja ya amince.

Kwana biyu Mai Tsaro ya yi yana tafiya da ƙyar don jin kai. Daga nan takardu suka yi masa rubdugu. Direbobi ba sa ganin taswira, sakatariya ta kasa sayen tikitin jirgi, akwatin saƙon Manaja kansa ya koma fari fat. Mai Tsaro ya san katanga ciki da bai, amma karanta manhajar shafi ya gane mai cuta da marar cuta, wannan ba gonarsa ba ce. Takarda tamanin ta taru a kan teburinsa.

Ranar Alhamis Manaja ya leƙo.

"Rufewar ta zauna, ka yi gaskiya. Amma tantancewa, mai tsara shafinmu ita ta san kan abin. Daga yau ita ke sa hannu, kai ka buɗe abin da ta ce."

Mai Tsaro ya rungumi takardun ya hau bene, ya bi layi bayan mutum biyu a ƙofarta. Ta ɗago kai da fara'a.

"Yallaɓai, ajiye su nan. In na gama zan aika a kira ka."