Gurasar da Davron Ya Karya

Kuna nan ranar, kada wanda ya ce mini bai gani ba. Wasunku na tsaye a ƙofar gidan gurasar Usta Davron suna jiran ta rana ta fito, wasu sun leƙo ta taga, kuma da abin ya faru kowa ya sunkuyar da kai ya ce tsakanin miji da mata sai Allah. Yau wata huɗu ke nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen a unguwar nan. To ni zan tayar, kuma daga tushe.

Davron mai gurasa ne, ɗan mai gurasa, a wani lungu na tsohon garin Buhara. Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya duka, ba a taɓa jin ya tauye wa kowa awo ba. Matarsa Zebo kuwa baƙi take yi wa jagora a ƙafa. Bayan ta yaye 'yarsu Sitora ta koma karatu, ta yi shekara uku tana haddace tarihin kowane masallaci da kowace ƙofa, ta ci jarrabawa, wani kamfanin yawon buɗe ido ya ɗauke ta. Takan kwashi baƙi daga bakin tafki, ta bi da su kasuwanni masu rufi, ta tsaya da su gindin doguwar hasumiya, sannan ta ƙare zagayen a tsakar gidan gurasar mijinta, su ga yadda yake zura rabin jikinsa cikin tanderu yana manna ƙullu.

Da farko abin ya yi wa Davron daɗi. Abin da ya fara ci masa rai shi ne dariyar. Tun kafin baƙin su shigo lungu yakan jiyo su, maza da mata sun kwashe da dariya kan wata magana da Zebo ta yi, ita ma muryarta na sama. A gida ba ta irin wannan dariyar. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Yakan dai ƙara wa tanderu itace ya haɗiye.

Wata Talata suna cin shinkafar rana, Zebo ta zuba masa koren shayi ta ce, "Baban Sitora, ranar Asabar ina da aiki na musamman, kuma da kai a ciki."

"Ni kuma? Tarihin wace hasumiya na sani?"

"Wani saurayi ne daga Tashkent, Sanjar. Zai kawo yarinyar da yake so, Mohigul. Ita a saninta zagayen gari kawai suka zo. Sai mun iso nan, ƙarƙashin rumfar inabi, zai fito da zobe ya tambaye ta ko za ta aure shi."

"A gaban mutane? Ba shi da iyaye ne?"

"Yana da su. So yake ya ji daga bakinta tukuna, sannan ya tura manya. Kai aikinka ɗaya ne. In ta amsa, ka ciro gurasa biyu masu zafi ka naɗe musu a ƙyalle su kai wa iyayenta. Sukutum fa. Kada ka karya."

Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa a nan ya san in dattijo ya haɗa gurasa biyu fuska da fuska ya karya a gaban shaidu, aka shafa fatiha, to an ba da yarinya ke nan, magana ta ƙare. Wannan aikin manyan gida biyu ne, ba na mai tanderu ba.

Ran Alhamis Sanjar ya zo shi kaɗai don su gwada yadda za a yi. Siririn yaro ne mai tabarau, gumi ya jiƙa masa riga tun kafin ya zauna. Ya gai da Davron da hannu a ƙirji, ya ce, "Usta, na gode da aron gida." Ergash maƙerin almakashi, maƙwabcin Davron, yana zaune a kan benci yana jiran gurasarsa.

"Zebo-opa," in ji Sanjar, "don Allah ki tsaya a inda za ta tsaya, in ga ko ƙafata za ta ɗauke ni."

Zebo ta tsaya ƙarƙashin rumfar inabi. Sanjar ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya zaro takarda daga aljihu, ya fara karantawa yana in'ina.

"Kai, ƙanena, tashi," ta ce tana dariya. "Wasiƙar neman aiki ka rubuto? Jefar da takardar nan. Kuma ka daina kallon ƙasa, ba ita za ka aura ba. Kalle ni."

Ya kalle ta.

"Yauwa. Ka ce mata, na zaga garin nan da ke awa uku, an nuna mini gine-ginen shekara dubu, ban ga ko ɗaya ba, ke nake kallo. Sai ka yi shiru. Ka bar ta ta numfasa. Sannan ka tambaya."

Sanjar ya maimaita, a hankali, idonsa cikin nata. Davron na tsaye a bakin tanderu da ƙullu a hannu. Ya ga matarsa ta kai hannu ta rufe baki, kumatunta sun yi ja, ta ce, "Haka nan. In ni ce, da na amsa."

Ya zura hannu cikin tanderu bai duba ba, damtsensa ya taɓa bango. Ya ciro shi yana yarfewa.

"Usta," in ji Ergash daga kan benci, "ina jin ƙauri. Gurasar ce ke ƙonewa ko mai gurasar?"

Mutum biyu da ke bakin ƙofa suka yi dariya. Ergash ya ƙara da cewa, "Ni dai a gidana ko ɗan'uwana bai isa ya durƙusa wa matata ba. Amma ku 'yan zamani ne."

Davron ya san gwaji ne. An faɗa masa tun Talata, a gabansa aka yi, yaron nan ko sunan matarsa bai kira ba sai da ya haɗa da opa, wato yaya. Duk ya sani. Amma kishi ba ya neman hujja, wuri kawai yake nema ya zauna.

Da mutane suka watse ya same ta tana wanke kofuna.

"Ina kika koyi waɗannan kalmomin?"

"Waɗanne?"

"Ke nake kallo, ke nake kallo. Wa ya taɓa faɗa miki?"

Ta ajiye kofin. "Ba wanda ya taɓa faɗa mini, Baban Sitora. Shi ya sa na san su."

"Ni ban nemi aurenki ba ke nan?"

"Gwaggonka ce ta tambayi gwaggona. Aka zo bayan ƙofa aka tambaye ni, na ce to, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Amma kai ba ka taɓa tambaya ba. Ba laifi ba ne. Haka ake yi lokacin."

A nan ne ya kamata mutum ya buɗe baki. Shekara goma sha huɗu da aure, ga mace a gabansa ta gaya masa abin da take so ba ɓoye-ɓoye, kuma abin ba ya cin ko sisi. Davron ya dubi hannunsa da ya ƙone ya ce, "Ki bar aikin nan."

"Ba zan bari ba."

"Ana mini dariya a ƙofar gidana."

"Ergash ne. Shi ko gawa ya gani sai ya yi mata ba'a. Shekara uku na yi ina karatu kana gani. Ba zan bari ba."

Ya fita. Ya san ba zai iya tilasta mata ba, don dattawan unguwa za su tambaye shi dalili, shi kuwa ba shi da dalilin da zai faɗa a gaban maza bai ji kunya ba. Amma ya san wani abu da ita da kanta ta taɓa gaya masa: kamfanin nan yana yafe wa ɗan jagora latti, yana yafe mantuwa, amma duk wanda baƙo ya kunyata a hannunsa, ranar ya gama.

Asabar da hantsi ya jiyo su tun daga bakin lungu. Mutum goma sha ɗaya ne, yawancinsu 'yan Tashkent, sai wasu Turawa uku da huluna. Zebo ce a gaba tana tafiya da baya tana ba da labari. Mohigul yarinya ce gajera mai fara'a, ta shigo tana shaƙar ƙamshi tana cewa, "Yaya Sanjar, ka ji? A Tashkent ƙarya muke yi, wannan ce gurasa."

Zebo ta jera baƙin a gefe, ta ja su biyun zuwa ƙarƙashin rumfar inabi kamar don su ga tanderu da kyau. Ta yi wa mijinta murmushi, irin na ka shirya ko. Fuskarta na haske kamar ita za a tambaya. Sanjar ya sa hannu a aljihu, ya fara lanƙwasa gwiwa.

Davron ya riga shi. Ya ciro gurasa biyu, ya tako har gabansu, ya haɗa su fuska da fuska, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, ya karya.

"Bismillahi," ya ce da ƙarfi. "An ba da Mohigul ga Sanjar. Allah ya sa albarka, ya kawo zuriya. A shafa fatiha."

Ya shafa. Wasu tsofaffi biyu cikin baƙin suka shafa tare da shi, don hannu ya saba. Turawan suka yi tafi. Wayoyi huɗu ko biyar suna sama suna ɗauka.

Mohigul ta dubi gurasar, ta dubi Sanjar da ke rabin durƙuso, hannunsa a aljihu.

"An ba da ni?" ta ce. "Wa ya ba da ni?"

"Mohigul, ba haka aka shirya ba, ki tsaya in..."

"Aka shirya? Da wa ka shirya? Babana na can Tashkent bai san komai ba, ka kawo ni garin mutane mai gurasa ya ba da ni kamar buhun fulawa? Ni ka tambaye ni?"

"Yanzu zan tambaya!"

"Ka makara."

Ta ratsa mutane ta fita, Sanjar ya bi ta yana kira. Zebo ba ta motsa ba. Ta dubi mijinta, shi kuma ya miƙa gutsuren gurasar ga na kusa da shi ya ce, "Ku ci, da zafinta ta fi daɗi." Aka karɓa. Ku da kuke ƙofa ma kun karɓa, na gan ku.

Kafin la'asar hoton ya isa wayar kawun yarinyar. Abin da ya biyo baya tsakanin gidajen biyu ban sani ba, ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani, ran Litinin aka kira Zebo ofis aka ce ta ajiye katinta, tunda ita ta zaɓi gidan, ita ta tsara komai. Ta ce mijinta ne ya yi, ba ita ba. Aka ce mata wannan ya fi muni. Davron kuwa ga duk wanda ya tambaya sai ya ce rashin fahimta ce, shi mutumin da ne, ya zaci abin da ake so ke nan. Ergash ya buga masa kafaɗa ya ce, "Usta, ka iya ɗinki ba zare." Kowa ya gane, kowa ya yi shiru.

Yanzu Zebo na zaune a tsakar gida daga safe zuwa azahar tana buga wa ƙullun gurasa hatimin ado. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba. Tana zuba masa shayi, tana amsa masa in ya kira. Wani ɗan jagora ne ke kawo baƙi gidan. Makon jiya ya tsaya yana gaya musu shekarar da aka gina hasumiya, ya ƙara mata shekara ɗari biyu. Zebo ta ɗago kai, leɓenta ya motsa, sai ta ga Davron na kallonta. Ta mai da kai ga ƙullu.

Davron ya sami abin da ya nema, amma bai huta ba. Da can ya san inda take, ya san da wa take dariya. Yanzu tana gabansa taku uku, hannunta na aiki, idonta na wani wuri, kuma bai san ina ba ne. Yakan tsaya da ƙullu a hannu yana kallonta, yana jin abin nan na ci masa ƙirji kamar ranar Alhamis ɗin, sai dai yau babu wanda ya durƙusa, babu wanda zai kora.

Ba kare mutunci ya yi ba, kishi ne, kuma da gangan ya yi, kun sani. Mace ta yi karatun shekara uku an kashe shi cikin minti ɗaya don wani ya kasa faɗa wa matarsa magana mai daɗi. Kamfanin ya ce zai sake duba zancenta in mijin ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, ko in mutum uku da suka ga abin suka sa hannu cewa ta gargaɗe shi. Ergash ya ji gargaɗin daga bakin Davron kansa, kuma ba shi kaɗai ba. Takardar na wurin mai unguwa, har yau ba sa hannu ko ɗaya a kanta. Kai da kake karanta wannan, in kana cikin waɗanda suka sani, ka je yau kafin a tashi daga ofis ka sa naka. In ka fito, ka biya ta gidan gurasar, ka kira Davron gefe, ka faɗa masa a fuskarsa ya je ya gyara abin da ya ɓata.