Minti Huɗu Kafin Garkuwa Ta Faɗi

Shekara uku da wata biyar ɗana Abdul-Wadud ya yi yana koyon ɗinki a shagon Masta Sidiki a Dabokpa. Wata biyar ɗin ƙari ne. Tun bara ya kamata a yaye shi tare da 'yan'uwansa 'yan koyo, amma ranar gwaji ya makara saboda wasan waya, Masta ya kora shi gida. Da na je ba da haƙuri, sai Masta ya ce, "Jibirilu, don kai ne. Asabar ɗin ƙarshen wata dattawa za su dawo. In ya sake, ka zo ka ɗauki ɗanka. Ba takarda, ba firidom."

A nan Tamale ɗan koyo ba ya buɗe shagon kansa sai an yi masa firidom. Za a zaunar da shi gaban dattawan sana'a, a ba shi yadi, ya yanka ya ɗinka riga suna kallo. In ta yi, a zuba masa hoda a ka, maigidansa ya sa masa albarka. Wanda bai samu wannan ba, ɗan koyo ne har ya yi furfura.

Ni gyaran kujerun moto nake yi, uwarsa Zuleha tana sai da wake da shinkafa a ƙofar gidanmu a Kasalgu. Mun gama shiri tsaf. An yi hayar rumfa da kujeru, ƙanen Zuleha ya aiko da keken ɗinki daga Kumasi. Sai ranar Alhamis bayan la'asar yaron ya same ni a wurin aiki, ya tsaya yana murza wayarsa.

"Baba, ba za a iya mai da abin Lahadi ba?"

Na ajiye almakashi. "Mene ya faru da Asabar?"

"Akwai yaƙi."

Na san yaƙin da yake nufi. A cikin wayar yana da gari mai ganuwa da gonaki da sojoji, wanda ya fara ginawa tun watan da ya shiga koyon ɗinki. Mutum arba'in da wani abu ne a ƙarƙashinsa, wasu a Akra, wasu a Kano, wasu ma ban san ƙasarsu ba. Sarki suke ce masa. Yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya ɗebo ruwa.

Ban yi masa tsawa ba. Na yi tsawar shekara uku, na gaji. Na taɓa ɓoye wayar a cikin buhun masara, na taɓa karɓo masa rubutu. Na ce ya zauna ya faɗa mini abin da yaƙin ke bukata.

Ya ce ba wani abu ba ne mai yawa. Garin nasa yana cikin garkuwa, ba mai iya taɓa shi. Garkuwar za ta ƙare ranar Asabar wajen sha ɗaya da rabi, kuma ba a ɗora sabuwa sai tsohuwa ta faɗi. Abokan gaba sun riga sun jera sojoji a bakin ganuwa suna jira. In aka yi jinkirin minti biyu, an gama da shi. Shi kuwa a lokacin yana kan keke, kuma Masta yana karɓe wayoyi kafin gwaji.

"Ka ba abokinka."

"Baba, ba a ba mutum wannan. Zai canja makulli ya sayar da garin."

"To ni fa? Ni ma zan sayar?"

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. A ranar da washegari ya koya mini. Lambobi suna sauka a saman gilashin. In sun kai sifiri, wani maɓalli shuɗi zai fito, in danna shi, in sake dannawa. Sau goma ya sa na gwada da babban yatsana mai kaushin zare. Zuleha tana kallonmu daga bakin tukunya, ta ce, "Yoo, yanzu an zama biyu ke nan a gidan."

Asabar na sa babbar rigata, na sa wayar a aljihun gaba. 'Yan koyo huɗu ne a ƙarƙashin rumfa, kowa da kekensa. Dattawa uku suna zaune a gaba da tef a wuya. Aka ba Abdul-Wadud yadi ruwan toka, aka ce kaftani. Na ga yadda ya shimfiɗa shi ya ja alli. Ni kuwa hankalina yana kan wayar. Ina gaisawa da baƙi, ina leƙa aljihu. Minti talatin. Minti goma sha biyu.

Saura minti huɗu sai ga yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin rumfa, aka sauko da Alhaji Zubeiru daga Gumani. Aminin marigayi babana ne, shi ya yi mini walicci lokacin auren Zuleha. Ya haura tamanin, ba ya fita ko'ina, amma ya fito saboda ɗana. Mutane suka buɗa hanya, aka zaunar da shi, ya ce, "Ina Jibirilu?"

Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa. Ya kama hannuna na dama da nasa biyu, na ɗora na hagu a kai kamar yadda aka saba.

"Ya gida?"

"Lafiya, Baba Alhaji."

"Ya Zuleha? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi."

"Ya Abida, tana can Yendi? Ta haihu?"

"Ta haihu, namiji."

"Madalla. Wane suna aka sa?"

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har ƙanwata da ke Bolga, har maƙwabcinmu da ya rasu, sai da na tuna masa. Wayar ta fara motsi a ƙirjina. Da na yi kamar zan zare hannu, sai ya ƙara riƙewa, ya ce, "Mu yi wa yaron addu'a." Ya ɗaga hannu, duk wanda ke kusa ya ɗaga. Ni ma na ɗaga.

Na san lokaci ya yi. Aljihun yana nan ƙasa da haɓata, ba nisa. Amma wane ne zai sauke hannu a tsakiyar addu'ar dattijo, a gaban jama'a, ya ciro waya? Alhaji ya roƙa wa yaron albarkar sana'a, da mace tagari, da tsari daga sharrin zamani. Ina cewa amin, wayar tana ta kaɗawa. Sai da aka shafa, ya sake ni.

Na zaga bayan shago. Gilashin duk ja ne. Na danna inda shuɗin maɓalli ya kamata ya kasance, ba komai. Ganuwar ta rushe, hayaƙi na tashi daga gidajen da ya nuna mini jiya da alfahari. Saƙonnin murya suna ta shigowa. Na taɓa ɗaya.

"Sarki, ina ka shiga? Sarki, sun shigo fa!" Muryar babban mutum ce, da Hausar Kano, ba zai gaza shekaruna ba.

Na taɓa wani. Wani yaro yana zagi da Turanci. Wata mace ta ce ta bar marasa lafiya a asibiti ta fito waje don wannan yaƙi, ga shi an watsa mata ƙasa a ido. Wani ya ce shi ya tafi wajen waɗanda suka ci, duk mai hankali ya biyo shi. Ina kallo sunaye suna ɓacewa daga jerin ɗaya bayan ɗaya. Sai Bakanon ya sake magana a hankali: "Ku yi masa uzuri. Shekara uku bai taɓa barinmu ba. Lokacin da aka kore ni daga aiki, shi kaɗai yake tambayata ko na ci abinci."

Na tsaya da wayar a hannu. Ban taɓa jin wani ya yi maganar ɗana haka ba.

Da na dawo rumfa, Abdul-Wadud ya kai wuyan riga, wurin da dattawa suka fi dubawa. Ya ɗago kai yana nemana. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Na san shi. In ya ga abin a fuskata, zai tashi, kuma Masta yana tsaye a bayansa da hannu a ƙugu.

Na gyaɗa masa kai, har na yi murmushi.

Ya sauke numfashi, ya mai da ido kan allura. Keken ya ci gaba.

Wajen azahar ya gama. Dattawa suka juya kaftanin ciki da waje, suka ja ɗinkin hammata, ɗaya ya auna hannu da tef. Babbansu ya ce, "Ta yi." Mata suka yi guɗa. Zuleha ce ta fara zazzage masa hoda, sai ƙannensa, har ya koma fari fat. Masta Sidiki ya dafa kansa ya ce ya yafe masa duk abin da ya yi, ya miƙa masa almakashi da takarda.

Bai ko karkaɗe jikinsa ba ya zo wurina yana dariya, ya miƙo hannu. Na ba shi wayar.

Ya daɗe yana kallo. Hoda tana zubowa daga girarsa a kan gilashin, yana sharewa da yatsa.

"Alhaji Zubeiru ne ya zo," na ce. "Yana addu'a."

"Ka gyaɗa mini kai, Baba."

"Na gyaɗa."

"Lokacin an riga an gama?"

"An riga."

Aka kira shi hoto ya je, ya tsaya tsakanin Masta da uwarsa da takarda a ƙirji. Mai hoto ya ce ya yi dariya, sau biyu.

Da yamma jama'a suka watse. Muka tsaya ni da shi muna loda kujeru a motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Ina so in ce masa gari na cikin waya ba gari ba ne, amma muryar mutumin Kano tana kunnena, sai na kasa. Na tambaye shi ko duk sun tafi.

"Saura tara."

"To yanzu fa?"

"Za mu sake ginawa."

Bayana yana ciwo, ƙafafuna sun kumbura a cikin takalmi. Ba ni da ƙarfin wata gardama.

"Litinin fa? Barandar gida tana nan, na share maka don shago."

"Zan buɗe," ya ce, bai dube ni ba.

Saura keken ɗinki kaɗai a ƙasa. Na kama gefe ɗaya, na ce ya kama ɗayan, ya sa wayar a aljihu ya kama, muka ɗaga.