Hannun Hagu

"Zauna, malam, nan ba kotu ba ce," in ji jami'in sulhu na hukumar ƙwadago, ko ɗago kai bai yi ba.

Dogo ya zauna, hannunsa na dama cikin aljihu. Tun da injin yankan katako ya cinye masa yatsu aka sallame shi daga masana'anta, kuma ba abin da yake nema sai a mayar da shi aiki, ko na shara ne. Yayarsa da ta rako shi tana tsaye bakin ƙofa, don kujerar da ta rage manajan masana'antar ya ɗora mata jaka. Har ruwan sanyi aka kawo wa manajan, sai ka rantse shi ya kawo ƙara.

"Na sha faɗa musu murfin injin ya karye," in ji Dogo.

"Ba ma tone-tone a nan," jami'in ya ce. "Sasantawa muke yi."

"Yatsun za ku sasanta?" in ji yayar.

"Baiwar Allah, kika ƙara magana sai waje," in ji jami'in.

Manaja ya gyara murya, ya ce za su ba shi gadi, in dai ya yarda gangancinsa ne ya jawo. Dogo ya tuna yaransa a gida, ya haɗiye baƙin cikinsa.

"Na yarda."

Yayar ta ja tsaki mai tsawo.

To, a wannan hukuma ba a rufe ƙara sai an yi musabaha an ɗauki hoto, a liƙa a bangon baranda, masu wucewa su ga ana aiki. Jami'in ya miƙe, ya saita wayarsa. Dogo ya miƙa hannun hagu.

Manaja ya ja da baya, ya ɓata rai. "Hagu? Ni za ka ba hagu? Ka ga rashin kunyar da nake faɗa maka, yallaɓai?"

"Ba shi dama mana," in ji jami'in. "Kana ɓata mana lokaci."

Dogo ya zaro dungulmin daga aljihu, ɗinkin bai gama kamewa ba, ya miƙa.

"Ga abin da ya saura. Ragowar tana cikin injinka."

Manaja ya kawar da kai, ya tura hannayensa biyu cikin aljihu. Dogo bai sauke nasa ba. Jami'in ya dube su, ya ajiye wayar, ya jawo biro ya rubuta cewa mai ƙara ya ƙi sulhu.