Ranar da Injin Ya Tashi da Inna a Ciki

Duk unguwar Kilomita Biyar ba wanda bai yi wa Rilwanu dariya ba ran da motar ta iso daga Duwala ta ƙasar Kamaru. Mota ce tsohuwar Turai mai ciki biyu, tana shan fetur, ana kuma jona ta da wuta kamar wayar hannu. 'Yan layin masu atamfa suka sa shi gaba. A garin da wuta ke leƙowa ta gudu, wane mai hankali ne zai sayi motar caji? Rilwanu bai damu da su ba, domin ba don su ya saye ta ba. Don mahaifiyarsa 'Yargoggo ya saya.

Shekarar tashin hankali, da Musulmi suka yi ta gudu Kamaru, an loda su a bayan wata babbar mota, ita da autanta Luqman, wanda harsashi ya samu a ciki. Hanya ta ƙi, aka juyo da su. Wuni guda injin yana gurnani a ƙarƙashinsu, yaron yana kan cinyarta, har jikinsa ya yi sanyi. Tun daga ranar 'Yargoggo ba ta ƙara hawa abin da ke da inji ba. Ƙarar na wasu a titi ba ta dame ta, amma ta ji yana rawa a ƙarƙashinta? Ina! Ko babur ba ta hawa. Da gwiwoyi suka kama ta, duniyarta ta koma daga ɗaki sai tsakar gida.

Ran farko da ya lallaɓa ta ta shiga, ta zauna a ɗarare tana jiran a tayar. Can ta ga katangar maƙwabta tana wucewa.

"Rilwanu, wa ke tura mu?"

"Ba kowa, Inna. Haka take tafiya."

Allah sarki, tsohuwar nan har da dariya. Ya kai ta bakin kogi ta ga masu jirage, ya kai ta asibiti, ya kai ta gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, duk a kan batir, injin yana barcinsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada cajin ya ƙare tana ciki, don da ya ƙare injin zai tashi da kansa, ba ya shawara da kowa.

To Rilwanu mutum ne mai tattali, irin wanda sabuwar riga ke tsufa a akwatinsa. Ya ce batirin na Inna ne. Shi da ƙafa yake zuwa kasuwa, motar kuwa ya kafe ta a ƙarƙashin rumfar kwano, kullum a jone, kullum a cike maƙil, rana tana gasa ta. A ganinsa hutu yake ba ta.

Sai tafiya ta fara gajarta. Bakin kogi ya fara gagara, daga baya asibiti ma sai da lissafi. Ya kai wa Yahuza makanike, wanda ya taɓa zama a Yawunde ya ga irinsu. Yahuza ya jona na'urarsa, ya daɗe yana tsaki.

"Alhaji, kai ka ƙarasa shi. Dama da tsufansa ya zo, ka kuma cika shi ka ajiye a zafi. Batir ba ya son haka."

"Hutar da shi fa nake yi."

"Ai hutun ne ya cinye shi."

Sabo kuwa sai an yi odarsa daga waje, kuma ko an kawo, babu mai iya sa shi a nan. Rilwanu ya dawo gida, daga ranar ya daina barin ta a jone. Bai gaya wa Inna ba. Da wane baki? Sai ya koma ƙirƙirar uzuri: yau titi ya lalace, gobe akwai sojoji a hanya.

Ana haka ƙanwarsa Suwaiba, wadda ke aure a unguwar Lakuwanga, ta haifi ɗa namiji bayan doguwar jira. 'Yargoggo ta sa aka fito mata da zanen da ta ɓoye, ta ce ko da rarrafe sai ta je suna. Rilwanu ya auna hanyar a ransa, ya ga in batirin ya cika, da ƙyar zai kai. Dawowa kuwa sai a jona a can. Ya jona ta, amma wutar unguwa ta ɗauke tun cajin bai yi nisa ba, janareton maƙwabci kuma ba mai.

Ya kamata ya ce mata a fasa. Ya leƙa ɗakin, ya gan ta ta sha kwalli, ta ɗaura kallabi, goron da za ta raba yana kan cinyarta. Wallahi bakinsa ya kasa.

Suka fita da hantsi, ya kashe na'urar sanyi, ya kashe rediyo, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. 'Yan babur suna ta zaginsa da yaren Sango, bai ko waiwaya ba, idonsa na kan ma'aunin cajin. Suka wuce unguwar Yakite. Ma'aunin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa. Da ya ga saura ƙiris, sai ya gangara gefe ya kashe motar.

"Mun iso?"

"Tukuna, Inna."

Ya fita cikin babbar rigarsa ya kama turi, hannu ɗaya a sitiyari. Mota ce mai nauyin tsiya saboda batirin. Wasu masu wucewa suka kama masa, suka ɗan matsa, da aka zo hawa suka ce sai haƙuri, suka kama gabansu. Ya tsaya yana haki, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Gaba da nisa, gida da nisa, ita kuma ba ƙafa.

'Yargoggo ta sauke gilashi. Ashe duk ta gane.

"Ta gaji, ko?"

"Ta gaji, Inna. Laifina ne."

Ta dubi goron. "Tayar da injin."

"Inna, bari in nemo masu…"

"Za a raɗa wa jikana suna ina bakin titi? Na ce ka tayar."

Ya shiga ya kunna motar. Ba su yi nisa ba injin ya tashi, wata 'yar girgiza ce da wani ma ba zai lura ba. Ya saci kallonta ta madubi. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai zura ido waje guda, goron ya zube a ƙasa ba ta sani ba. Ya yi ta kiran "Inna, Inna", ba ta amsa ba har suka isa.

Mata suka fito da guɗa, suka rirriƙe ta zuwa ɗakin mai jego. Rilwanu ya biyo su ya tsaya daga bakin ƙofa, makulli a hannu, yana ta roƙon Allah a ransa. Suwaiba ta ɗauko jaririn cikin farin ciki ta ɗora mata a cinya.

"Inna, ga angonki."

'Yargoggo ta sunkuya ta dube shi. Ta taɓa goshinsa, ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe shi har fuska. Sannan ta ɗago, ta dubi Rilwanu kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Bawan Allah, ka ce wa direban ya tsaya haka nan. Yaron ya riga ya yi sanyi."

Guɗar ta tsaya cak. Jaririn ya motsa a ƙarƙashin mayafin ya tsala kuka, amma ita ba ta ji ba.