Ƙyallen Kyaftin

"Ɗaga ni, Tela, su same ni a zaune," in ji Tsohon Soja.

Tela ya tallafo maƙwabcin nasa, ya jingina shi da bangon ƙofar gida. Ciwo ya cinye mutumin, saura ƙashi, amma ya ƙi kwanciya. Yau ƙungiyar ƙwallon da ya kafa bayan ya bar soja za ta buga wasan ƙarshe, kuma ba su taɓa shiga fili ba sai sun biyo ta ƙofarsa ya ɗaura wa kyaftin ƙyalle a dantse da hannunsa. Tela ke ɗinka ƙyallen.

"Ka san asalin kalmar kyaftin kuwa?" in ji tsoho.

"Haba maƙwabci, ai har na haddace."

"Daga wani tsohon yaren Turawa ta fito, ma'anarta kai. A fagen daga muke kiran na gabanmu da ita, 'yan ƙwallo suka ara. To ka taɓa ganin kai ya tafi ya bar jiki? Dogo ya san wannan, ni na koya masa."

Dogo shi ne kyaftin na yanzu. A gidan nan ya ci ya sha ya girma, takalmin ƙwallonsa na farko ma tsohon ne ya saya masa.

Can sai ga sabuwar motar da wani attajiri ya ba ƙungiyar. Tsoho ya gyara zama, ya ɗago ƙyallen. Motar ko rage gudu ba ta yi ba. Tela ya hango Dogo a bakin taga, wani ƙyalle ɗan kanti na sheƙi a dantsensa. Suka haɗa ido, Dogo ya kau da kai. Kai, butulci bai yi ba!

"Su ne?" Ganin tsoho ya riga ya yi rauni.

Tela ya so ya yi masa ƙarya, takaici ya hana shi. "Su ne. Sun wuce."

"To. Mai da ni ciki."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Tela ya kira wayar Dogo, wani jami'in ƙungiyar ya ɗauka, Tela ya gaya masa rasuwar.

"Allah ya jiƙansa, baba. Amma kada a gaya wa yara yanzu, sai an tashi wasa."

Tsofaffin layin ne suka ɗauki makarar, suna haki, suna sauya kafaɗa kowane ɗan taƙi. Hanyar maƙabarta ta bi ta bayan katangar fili. Daidai nan ihun cin ƙwallo ya tashi daga ciki. Tela ya gyara makarar a kafaɗarsa, suka ci gaba da tafiya a hankali.