Akwatin Intanet Mai Ƙifta Ido

Fitilar akwatin na fara ƙiftawa, Inna Zalihatu ta dire butar ruwan zafi, ta lallaɓa bayan talabijin ta fizge wayarsa daga bango. Ta tsaya tana haki, tana duban sa kamar akuyar da ta tsamo daga rijiya.

"Allah ya so ka ina kusa," in ji ta ƙasa-ƙasa.

A Funtuwa haka ake yi. Da ƙwan lantarki ya fara rawa, to masu wuta za su kawo ta da ƙarfi, wanda bai zare kayansa ba ya sha warin ƙauri. Firjinta a haka ya tafi, da rediyon mijinta Malam. Don an ce nan Doha ne ba shi zai sa ta zuba ido kayan surukinta su ƙone ba. In ta zare, sai ta ba shi lokaci ya huce ta mayar. Ba ta kuwa gaya wa kowa ba, ita ba mai son a yi ta gode mata ba ce.

Wankan jegon 'yarta Safura ya kawo ta, an samu namiji. Suna zaune a unguwar Mu'aizar, cikin wani ƙaton gida da aka yayyanka da katako aka zuba mutane, su rabonsu ya faɗo tsakiya. Ba taga, sabis ɗin waya sai an fita ƙofar gida, can ɗin ma murya kawai yake ɗauka. Wannan akwati da suke ce wa modem shi ne hanyarsu ta zuwa gida. Shi kuma tun da aka dawo daga asibiti ya tsiro da hali: a kira Malam Mudasiru, a gaisa, kafin a ɗauko jariri ya ɗauke.

Gobe da safe za a yi wa Malam aikin ido a Kano. Na hagu ya tafi tun bara, na daman za a taɓa, likita kuma bai yi alkawarin komai ba. Malam ya ce shi wuƙa ba ta dame shi ba, amma ya ga abokinsa tukuna.

"Inna, ya sake ɗaukewa?" in ji Safura daga kan gado.

"Ya ɗauke, 'yar nan. Kayan zamani ke nan, ga tsada ga raki."

Mijin Safura gadi yake yi can cikin dogayen benaye, daga wurin aiki ya yi ta damun kamfani har suka turo mai gyara. Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Wani mutum ne mai furfura a gemu, da rigar kamfani da jaka. Yana ganin ɗaurin kallabinta ya washe baki.

"Sannu da gida, Mama. Barka da arziki."

"Ikon Allah! Kai kuma ɗan wace ƙasa?"

"Reuben sunana, daga Kafanchan."

"Duk faɗin ƙasar Larabawa a rasa mai gyara sai ɗan Kafanchan?"

"Su suna ofis cikin sanyi, Mama. Mu ne masu hawa tsani."

Ta zubo masa kunun kanwa a kofi. Ya karɓa hannu biyu, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da shi tun haihuwar autarsa. Sannan ya durƙusa. Ya kwance wayar nan mai kauri da ta shigo daga waje, ya hure bakinta, ya ɗaure tamau. Ya jona wani abin awo ya ce layin lafiya lau. Ya buɗe kwamfutarsa ya daɗe yana kallo yana sosa gemu.

"Tsohuwar ƙwaƙwalwar akwatin ce ta daina jituwa da layin, shi ya sa yake ɗaukewa," in ji shi. "Kamfani na ta turo masa sabuwa daga can. Da ya fara karɓa sai fitilar ta riƙa ƙiftawa. To abin mamaki, kullum ana tsaka da haka sai wuta ta yanke masa, ya koma gidan jiya. Garin nan kuwa ba a ɗauke wuta."

Inna Zalihatu ta tsura wa kwanon kunu ido, kamar yau ta fara ganin sa.

Reuben ya dubi soket, ya dube ta. Ya rage murya yadda ba za ta kai gado ba.

"Mama, a gida in ƙwai ya fara rawa, me ake yi?"

"Me ake yi kuwa? Mai hankali ya zare kayansa."

"Haka tsohuwata take yi har yau." Ya ɗaga murya ya ce wa Safura, "Maijego, soket ɗin ne ya ɗan saki, na matse shi."

"Ni ma na ga alamarsa," in ji Inna Zalihatu. Ta ƙara masa kunu, har ya kusa zuba. "To ɗan nan, ka ɗura masa ƙwaƙwalwar da hannunka mana, mu huta."

"Ba a hannuna take ba. Ni ba ni da ikon sa ta, ba ni da ikon hana ta. Su ke turowa sa'ad da suka ga dama, sai dai in roƙa."

Ta gaya masa zancen idon Malam, a taƙaice, tana gyara bakin zani. Ya ɗauki waya ya fita ƙofar gida. Tana jiyo shi yana zuba Turanci, yana "yalla, yalla," kamar mai korar awaki daga gona. Da ya dawo gumi ya jiƙa masa riga.

"Za su turo yanzu. Zai ƙifta, zai mutu, zai tashi da kansa. Mama, ɗauki angonki ki riƙe mini shi. Da hannu biyu."

Ta harare shi, amma ta ɗauka.

Fitila ta fara. Kore, ruwan lemo, kore. Inna Zalihatu na zaune a bakin gado, yatsun ƙafarta sun dunƙule, hancinta na neman warin ƙauri. Can akwatin ya mutu ɗif. Ta miƙe rabi, jariri ya yi motsi, ta koma ta zauna tana salati. Sai fitilun suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya cak, kore shar.

Safura ta danna kira ta miƙa mata wayar. Rukayatu ƙanwar Malam ta ɗauka, ta ba shi. Ya kawo ta dab da fuska, ba a ganin komai sai goshinsa da idon daman nan da ya yi hazo.

Jaririn na kan cinya, ba ta kai ga ɗago shi ba, Malam ya ɗauki murna.

"Masha Allah! Ga shi nan, ga shi nan! Kai, abokina! Wannan ai kakarsa ce sak, har goshin."

Inna Zalihatu ta dubi ɗan hoton da ke kusurwar wayar. Ba kowa a ciki sai ita, da kallabinta da tamojin fuskarta.

"Baba, ai ba a…" Safura ta fara. Inna Zalihatu ta dafa mata gwiwa.

A hankali ta ɗago yaron ta haɗa kumatunsa da nata.

"Goshin nawa ne, ban musa ba. Amma kunnuwan naka ne, Malam, kamar faifai."

"Na gani," in ji shi yana dariya. "Ai na gani."

"Ga shi yana hamma. Bakin ɗan mitsitsi, leɓen ƙasa ya fi na sama. Gashin baƙi wuluk, a kwance, ya sauko har nan gaban kunne."

"Haka ne. Haka ne kuwa."

Reuben ya tattara jakarsa, ya ja ƙofar ba ƙara.

"Hannun dama ya dunƙule, da alama marowaci za a yi, irin gidanku. Tsaya, kar ka ba Rukayatu wayar tukuna." Ta shiga warware zanin da aka naɗe yaron. "Saura ƙafafu."